Tallafin kuɗin haya: aljihun wa kuɗin ke ƙarewa?

Cikin duk abin da magidanci ke kashewa a wata, kuɗin gida ne ba ya jin magiya. Idan aljihu ya yi sanyi ana iya rage cefane, a ɗaga ɗinkin yara zuwa wani lokaci, a taka da ƙafa maimakon shiga mota. Haya kuwa ranarta ɗaya ce, kuma cif take zuwa. Babu wanda zai ce wa mai gida bana rabin ɗaki zai kwana, a karɓi rabin kuɗi. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi kan fara cire kuɗin haya, sannan ya dubi abin da ya rage ya ga ko zai kai su ƙarshen wata, kuma sau da yawa ba ya kaiwa.

Masu tsara manufofin gidaje suna da wani ma'auni da suke yawan ambata: idan kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu, nauyi ya yi yawa, idan ya wuce rabi, abin ya tsananta. Wannan adadi ba daga wani binciken kimiyya ya fito ba, siyasa ce ta haife shi. A 1969 Sanata Edward Brooke na Amurka ya kawo gyaran doka da ya hana a karɓi fiye da kashi 25 na kuɗin shigar masu zama a gidajen gwamnati, a 1981 aka ɗaga shi zuwa kashi 30, daga nan ya zama abin kwatance a ƙasashe da dama. Ma'aunin yana da amfani wajen ƙirga, amma yana ɓoye wani abu. Attajirin da ya ba da kashi 40 na samunsa ga gida, abin da ya rage masa ya isa ya ci ya sha har ya yi ajiya. Talakan da ya ba da kashi 25 yana iya rasa kuɗin magani. Abin dubawa shi ne abin da ya saura a hannu bayan an sallami mai gida.

To ta yaya gwamnati ke shigowa? Faransawa suna da wata rarrabewa mai kyau: akwai "taimakon dutse", akwai "taimakon mutum". Taimakon dutse shi ne a zuba kuɗi a gini, a samar da gidaje masu arha a ba mabuƙata. Taimakon mutum shi ne a ba ɗan haya kuɗi ya je kasuwa ya nemi gida da kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawancin ƙasashen Turai da Amurka dutse suka fi taimaka wa, saboda gidajen ne babu. Daga baya suka juya. Jamus ta kafa tallafin haya na Wohngeld a 1965, Amurka ta zo da shirin da ake kira Sashe na 8 a 1974, Faransa ta ƙirƙiro nata tallafin hayar mai suna APL a 1977, Birtaniya ta haɗa tallafinta na haya wuri ɗaya a farkon shekarun 1980. Hujjar juyawar mai ƙarfi ce: kuɗin zai tafi kai tsaye ga wanda ke buƙata, zai zaɓi inda yake so ya zauna, kuma gwamnati ta huta da gyaran famfo da rufin da ke yoyo.

Bari mu duba na Amurka da kyau, domin a cikinsa ake ganin alherin wannan tsari da kuma inda yake tuntuɓe.

A ce mace ce mai 'ya'ya biyu, tana samun dala 1,500 a wata, ta kuma dace da takardar tallafin haya. Doka ta ce za ta biya kimanin kashi 30 na samunta, wato dala 450. Idan hayar gidan da ta samu dala 1,200 ce, hukumar gidaje ta yankin za ta tura wa mai gida ragowar dala 750 kowane wata. Idan aikinta ya tsaya samunta ya faɗi, nata kason ya ragu, na hukuma ya ƙaru, ba za a watso mata kaya waje ba. A takarda babu abin da ya fi wannan daɗi.

Amma daga ranar da aka miƙa mata takardar agogo ya fara juyawa. Ana ba da wa'adi, mafi ƙaranci kwana 60, ta nemo gida. Ba kowane gida ba: sai wanda hayarsa ba ta yi wa iyakar da hukuma ta yanka nisa ba, iyakar da ake ɗorawa a kan wani ƙiyasi da ke ɗan ƙasa da tsakiyar farashin haya a yankin. Sai mai gidan ya yarda ya shiga shirin, ya cika takardu, ya jira mai duba gini ya zo ya tabbatar wuta da ruwa da tagogi lafiya lau. Mai gidan da mutum goma ke layi a ƙofarsa da kuɗi a hannu, me zai sa ya jira mai duba gini? Ta buga waya, da ta ambaci takardar sai a ce an riga an ba da gidan. Wasu jihohi da birane sun haramta irin wannan ƙi, amma dokar tarayya ba ta haramta ba. Idan wa'adi ya cika ba ta samu ba, kuma ba a ƙara mata lokaci ba, takardar ta koma hannun hukuma. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Kafin ma a kai ga takardar akwai layi. Tallafin haya a Amurka ba haƙƙi ne da duk wanda ya cancanta zai samu ba. Majalisa ke ware kuɗi kowace shekara, inda kuɗin ya ƙare nan tallafin ya tsaya. Iyalai sama da miliyan 2 ne ke amfani da takardar, amma idan aka haɗa duk nau'o'in tallafin haya na tarayya, kusan iyali ɗaya ne cikin huɗu da suka cancanta ke samu. Jira kan ɗauki shekaru, wasu hukumomin sun rufe rajista, wasu kuma ƙuri'a suke jefawa don a san wanda zai shiga layin ma. Maƙwabta biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya na biyan kashi 30, ɗaya na biyan kashi 60, bambancinsu sa'a ce kawai. A ganina wannan shi ne aibin da ya fi kowanne muni a tsarin, kuma shi aka fi yin shiru a kansa, domin wanda bai samu ba ba ya cikin kowane rahoton nasara.

Birtaniya da Faransa da Jamus sun bi ta wata hanyar: duk wanda ya cika sharuɗɗa yana da haƙƙi, babu ƙuri'a. An gudu daga matsalar layi, amma ba a tsira ba, sai aka faɗa wata.

Ga yadda take. Ka ɗauki unguwa mai ɗakunan haya 100 da iyalai 120 masu nema. Gwamnati ta ƙara wa kowane iyali kuɗi a hannu. Ɗakuna nawa ne yanzu? Har yanzu 100 ne. Iyalai 20 za su rasa kamar yadda suka rasa jiya, sai dai yanzu kowa na iya taya ɗaki da tsada, masu gidaje kuma ba kurame ba ne. Haya ta hau. Masaniyar tattalin arziki Gabrielle Fack ta bi diddigin abin da ya faru a Faransa lokacin da aka faɗaɗa tallafin a farkon shekarun 1990 ya haɗa da ɗalibai da sauran waɗanda a da ba sa ciki, ta ƙiyasta cewa daga kowane yuro ɗaya da aka ƙara, kusan santim 78 sun tafi ne a ƙarin kuɗin haya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: ana zagin talaka da cin kuɗin gwamnati, alhali kuɗin ratsa hannunsa kawai suka yi. Wasu binciken a wasu wuraren sun sami adadi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, kuma dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Inda ake iya gina sababbin gidaje da sauri, ƙarin kuɗi a hannun 'yan haya kan jawo ƙarin gini, farashi ya lafa. Inda fili ya yi wuya, izinin gini ke ɗaukar shekaru, dokokin tsara gari suka hana hawa sama, tallafin kan zama kyauta ga wanda ya riga ya mallaki gida. Kuma wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan hayar da samunsa ya ɗara iyakar cancanta da kaɗan: bai sami tallafi ba, ga haya ta tashi a kansa.

Gwamnati ta ga kuɗin na ƙaruwa shekara bayan shekara, sai ta ja linzami. A Birtaniya, tun 2011 an ɗaure iyakar tallafin masu haya a gidajen 'yan kasuwa da farashin gidaje 30 mafi arha cikin kowane 100 a yanki. Daga 2016 aka daskarar da iyakar har shekara huɗu, haya na tashi tallafi na tsaye. A 2020 aka daidaita ta, aka sake daskarar da ita har zuwa Afrilun 2024. Kowace daskarewa tana nufin giɓi, giɓin kuma daga kuɗin abinci da na ɗumama ɗaki ake cike shi. Wanda ya kasa cikewa ya rasa gida, sai ya faɗo hannun ƙaramar hukuma, wadda doka ta ɗora wa samar wa iyalai masu yara masauki na wucin gadi, wani lokaci a ɗakin otal da ya fi hayar gidan tsada. A 2023 iyalai sama da 100,000 ne ke irin wannan zama a Ingila. Abin da baitulmali ta tsimi a wannan aljihu, wani ɓangarensa ya zube ta wancan.

Akwai kuma tarkon da ke cikin lissafin kansa. Tunda tallafi na raguwa idan samu ya ƙaru, kowane ƙarin aiki yana zuwa da ragi. A tsohon tsarin Birtaniya, bayan samu ya wuce wani mataki, daga kowane fam ɗaya da mutum ya ƙara ana zare masa fam 0.65 na tallafin haya. A tsarin Universal Credit da ya maye gurbinsa ragin kashi 55 ne tun ƙarshen 2021. Ka haɗa da haraji da kuɗin mota zuwa wurin aiki da na mai reno, sai ka ga uwar da aka yi wa tayin ƙarin awa goma a mako ta zauna da biro da takarda ta gano wahalar ta fi ribar. Ba lalaci ba ne, lissafi ne. Kuma babu hanyar kauce wa wannan gaba ɗaya: idan aka sassauta ragin, tallafin zai kai ga masu matsakaicin samu, kuɗin ya kumbura, idan aka tsananta, an hukunta mai ƙoƙari.

Sai a ce to a koma wa dutse mana. Masu adawa da gidajen gwamnati suna da hoton da ba sa gajiya da nunawa: Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, dogayen benaye 33 masu hawa 11 da aka kammala a tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe su da nakiya a 1972, ba su cika shekara 20 ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini ne kawai, ta bar gyara da kulawa a kan hayar da mazauna ke biya. Birnin na rasa jama'a da ayyuka, masu ɗan hali suka tashi, aka bar mafi talauci, haya ta kasa biyan gyaran lif, lif ya mutu, wasu suka ƙara tashi. Haka abin ya yi ta cin kansa.

Biyana, babban birnin Ostiriya, ta yi gini ita ma, sakamakon ya sha bamban. Daga 1923 zuwa 1934 birnin ya gina gidaje sama da 60,000 da kuɗin wani haraji na musamman da ya fi nauyi a kan masu hali. Ginin gidajen Karl-Marx-Hof da aka buɗe a 1930 tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, har yau da mutane a ciki. Yanzu birnin na da gidaje kusan 220,000 na kansa, ban da na ƙungiyoyin gina gidaje da doka ta taƙaita wa riba, kuma kusan rabin mazauna birnin a ɗayan biyun nan suke zaune. Sirrin, in sirri ne, shi ne iyakar cancanta tana da faɗi har ta ɗauki masu matsakaicin samu, kuma ba a korar mutum don albashinsa ya ƙaru. Direban bas da malamar makaranta da ɗan fansho suna hawa matakala ɗaya. Gidan da masu murya ke zaune a ciki ba a barin rufinsa ya yi yoyo, kuma ɗan siyasar da ya taɓa shi ya san abin da zai gani a akwatin zaɓe. Sannan yawan waɗannan gidaje yana danne farashin gidajen 'yan kasuwa, har wanda bai taɓa neman tallafi ba ya amfana. Tabbas akwai abin suka: mai hali na zaune a gida mai rangwame yayin da sabon zuwa ke jira, domin sai mutum ya yi shekara biyu da rajistar zama a birnin kafin ya nema.

Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yau kusan kashi 80 na mazauna ƙasar a gidajen hukumar suke, akasari sun saya a kan yarjejeniyar shekara 99. Masu sha'awar kwaikwayo su tuna da dokar 1966 da ta ba gwamnati ikon karɓar filaye da araha, har ƙasar ta wayi gari kusan kashi 90 na fili a hannun hukuma yake. Ba kowace gwamnati ke da wannan iko ba, ba kuma kowace ya kamata a ba ba.

Birtaniya kuwa baya ta yi. Dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame mai tsoka. Kusan miliyan 2 aka sayar a Ingila, ba a gina madadin yawancinsu ba. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, babu musu. Amma da tafiya ta yi tafiya da yawa daga cikin gidajen suka koma hannun masu ba da haya, suna karɓar hayar kasuwa daga talakawan da gwamnati ke biya wa. Hukuma ta gina gida, ta sayar da shi da arha, ta dawo tana biyan hayarsa da tsada.

A ƙasashe masu tasowa an fi karkata ga mallaka. Afirka ta Kudu daga 1994 ta raba miliyoyin ƙananan gidaje kyauta ga iyalan da samunsu bai wuce rand 3,500 a wata ba. Barazil ta ƙaddamar da shirin gidaje na Minha Casa Minha Vida a 2009, Indiya ta zo da nata babban shirin a 2015. Chile tun ƙarshen shekarun 1970 take haɗa abu uku: ajiyar iyali, tallafin gwamnati, da rancen banki. Cutar da ta kama kusan dukkansu ɗaya ce. Idan aka ƙayyade kuɗin kowane gida, ɗan kwangila zai nemi fili mafi arha, fili mafi arha kuma yana can bayan gari inda babu aiki, babu makaranta, babu motar haya. Iyali su sami gida su rasa abin yi, ko kuma abin da suka tsira da shi na haya ya tafi a kuɗin mota da awa uku a hanya. A Meziko, bayan gagarumin ginin shekarun 2000, an ga unguwanni sababbi fil da mutane suka kulle gidajensu suka koma cikin gari suka kama haya.

Wani abin da aka yi a Iquique, arewacin Chile, ya cancanci a tsaya a kansa. Iyalai kusan 100 ne ke zaune a wani fili a tsakiyar gari ba bisa ƙa'ida ba. Tallafin kowane iyali dala 7,500 ne, a ciki za a sayi fili a kuma yi gini, filin kuma yana da tsada. Mai zanen gini Alejandro Aravena da abokan aikinsa suka ƙi kwashe mutanen zuwa bayan gari. Suka sayi filin, da ragowar kuɗin suka gina wa kowa rabin gida, rabin da ya fi wuyar yi da hannu: ginshiƙai, matakala, kicin, banɗaki. Gefen kowane gida aka bar gurbi da mai gidan zai cike da ɗakuna idan ya samu hali. Mutane suka cike, kowa da irin bulonsa da fentinsa. Gidajen ba su yi kyan gani iri ɗaya ba, amma mazauna sun ci gaba da zama kusa da inda suke neman abinci.

Cewa wuri yana da tasiri ba zato ba ne kawai. Daga 1994 gwamnatin Amurka ta yi gwaji a Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York, inda aka raba iyalai kusan 4,600 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su takardar tallafi da sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Da farko sakamakon ya sanyaya gwiwa: samun iyaye bai ƙaru ba, ko da yake sun fi samun kwanciyar hankali. Sai da yaran suka girma masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan bincikensa suka duba bayanan harajinsu, suka wallafa a 2016 cewa waɗanda aka tashi da su kafin su kai shekara 13 suna samun kusan kashi 31 fiye da takwarorinsu da aka bari. Waɗanda suka riga suka girma kafin tashin ba su amfana ba. Amfanin tallafin ya ɗauki kusan shekara 20 kafin ya bayyana, kasafin kuɗi kuma shekara-shekara ake yinsa.

Wata 'yar magana a gefe: idan ana ƙorafin tsadar tallafa wa talaka, a tuna akwai tallafin gida da ba a kiransa tallafi. A Amurka mai rancen sayen gida na iya cire kuɗin ruwan da ya biya daga abin da za a yi masa haraji a kai, kuma mafi yawan wannan rangwame masu babban samu ke kwashewa. Babu layi, babu mai duba gini, babu kunya. Birtaniya ta soke irinsa a 2000.

Akwai kuma waɗanda duk waɗannan tsare-tsare ba sa ganinsu. Tallafin haya yana so a nuna takardar yarjejeniya, shaidar albashi, adireshi, asusun banki. Mutane sama da biliyan ɗaya a duniya suna zaune a unguwannin da ba a tsara ba, da yawansu 'yan haya ne da baki kawai suka yi ciniki da mai ɗaki, samunsu kuma na yau daban, na gobe daban. Har a ƙasashe masu arziki, mafi buƙata shi ne ya fi ƙarancin takardu: mai kwana a falon 'yar uwa, mai haya a hannun wani ɗan hayar, mai aikin da ake biya a hannu. An ga haka ƙarara lokacin annobar korona. Majalisar Amurka ta ware kusan dala biliyan 46 don biya wa mutane bashin haya, amma watanni suka shuɗe kaɗan ne ya fita, saboda jihohi da birane na neman takardun da masu nema ba su da su, wasu masu gidajen kuma sun ƙi sa hannu. Kuɗin sun fi gudana bayan Ma'aikatar Kuɗi ta matsa a 2021 cewa a karɓi shaidar da mutum ya bayar a kan kansa idan babu takarda, a kuma miƙa wa ɗan haya kuɗin kai tsaye idan mai gida ya ƙi ba da haɗin kai.